Kwanon Yayyafin Inna

Amaryata,

Sallama daga tsohon da kika gudu kika bari. Ga gaisuwa mai yawa, ki ɗiba son ranki, ki rage wa wancan malamin lissafin da ya ƙwace min ke. Kaɗan za ki ba shi, kada ya saba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Kunne kuwa yana nan yadda injin yankan katako ya bar min shi. Wayar da kika aiko tana kan taga. In ta yi haske sai in ɗauka in yi ta cewa "eh, eh", ke kina can kina ɓata bakinki a banza. Mu tsaya ga takardarmu, jikata. Dogo direba yana bi ta ƙofar gida da lodin katako, kuma bai taɓa ɓatar min da saƙo ba.

Babban labari shi ne dajin bayan gida ya tafi. Masu sabuwar gona sun shigo da manyan motoci, sun kwantar da shi tun daga bakin rafi har gindin tudu, sun shuka masara iya ganinki. Uwar Kaji maƙwabciyarmu ta ce ƙarar ta hana ta sakat. Na ce mata ni ban ji komai ba, ashe kurumta ma tana da rana. Ba zan yi kukan ƙarya ba, ni kafinta ne, da itace na ci na ciyar da ku. Amma yanzu in na fito da safe sai in ga sama ta yi min yawa. Mujiyoyin nan da kakarki ta tsana sun tashi, shaho ma na daina ganinsa.

Sai ga baƙi sun sauka. Ɓeraye ne, amma ba irin namu na gida masu ƙaton ciki da rashin kunya ba. Waɗannan ƙanana ne, bayansu ja-ja, cikinsu fari fat, idanu dara-dara kamar an sa musu kwalli. Magen gida ta tsufa, kallonsu kawai take yi suna wucewa. Tunda ke kika yi dogon karatu don ki riƙa yawo a daji kina kama ɓera, sai ki zo ki kwashe talakawanki, Sarauniya.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin ce za ku zo hutu ke da Malam. Na yanke shawara zan buɗe ɗakin kakarki. Tun ranar da aka fita da ita na ja ƙofar na sa kwaɗo, damina ta zo ta wuce ta sake dawowa ban leƙa ba. Ba tsoro ba ne, kasawa na yi. Amma ba zan bari jikarta ta kwana a tabarmar falo ba alhali ga gadon da na yi mata da hannuna. Zan share shi tas kafin ku iso.

Kin san ni da tsintsiya. Tun ina yaron shago, da shara nake buɗe aiki da shara nake rufewa. Kakarki ce kaɗai ba ta taɓa yarda na iya ba. Ita sai ta ɗauko ɗan kwanon nan nata mai shuɗin baki ta bi ƙasa da yayyafi, ni kuma in tashi da faɗa, in ce ruwa maƙiyin katako ne, ta mayar min da garin katako laka. Har Allah ya karɓi abarsa ba mu gama wannan gardamar ba. Yanzu dai ba mai hana ni.

Ki rubuto min ranar da zan sa ido a hanya.

Tsohon angonki,
Kaka

*

Kaka,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa. Mu lafiya ƙalau, kuma zan kai wa Malam ɗan kasonsa. Ka yi haƙuri da wannan rubutun kaza, a jikin ƙofar motar Dogo nake yinsa. Ya same ni a bakin wurin aiki muna loda tarkuna za mu shiga daji, shi kuma sai danna hon yake yi.

A tsaye na karanta takardarka, har na zo kan zancen ɓerayen nan. Don girman Allah, Kaka, kada ka buɗe ɗakin Inna. Kada ka share, kada ka taɓa komai. Ɗakin da ya daɗe a rufe irin waɗannan ɓerayen suka yi gida a ciki, ba wurin shigar mutum ba ne. Ba za mu kwana a cikinsa yadda yake ba. In mun zo za mu fara sauka a masaukin bakin titi, ni na san yadda zan yi da ɗakin.

Zan rubuto maka bayani da zarar mun fito daga daji. Dogo ya sa giya.

Jikarka

*

Ranki ya daɗe Sarauniyar Ɓeraye,

Takardarki ta iso, gajeruwa kamar wutsiyar akuya. Ina fata kin fito daga dajin lafiya. Mu nan sai godiya.

Na karanta, na goge tabarau na sake karantawa. "Ba wurin shigar mutum ba ne." Ɗakin da kika koyi rarrafe a ciki. Ɗakin da kika yi ƙyanda kakarki ta yi ta zama da ke a cinya tana fifita. Yau shi ne ba wurin shigar mutum ba, gara masaukin bakin titi inda direbobi ke wanke ƙafa a bokitin shan ruwa. Na gane, ai ba yaro ba ne ni. Kin auri mai takalmi mai sheƙi, kina jin kunyar ya ga gidan kafinta da kashin ɓera. Ban ce kin yi laifi ba. Amma raina ya ɓaci, kuma gara in faɗa miki da in ƙunshe shi a ciki.

In dai ƙazanta ce damuwarki, to na fitar da ita. Na buɗe ɗakin.

Da hantsi ne. Uwar Kaji ta hango ni da mabuɗi, ta taho da guga da tsumma wai za ta taya ni. Na ce ta koma ta ji da kajinta. Na shiga, na rufo ƙofa na sa sakata, tagogin ma ban buɗe ba. Kin san halinta, in ta leƙo ta ga tsoho yana sharar hawaye a kan ɗankwalin matarsa, kafin azahar duk layin nan ya ji. Kuma na yi kukan, ba zan ɓoye miki ba. Carbinta yana nan rataye a kan ƙusar da ta bar shi.

Talakawanki sun yi ɓarna. Sun yi sheƙa a aljihun keken ɗinki da ƙyallayen da take tarawa za ta yi miki bargo. Kashinsu ko'ina, kamar an watsa baƙar shinkafa, ga wani zarni da ya kama labule. Na fara daga kan sif na sauko, na kaɗe katifa da sanda, na bi lungu-lungu. Ƙura ta tashi har hasken taga ya dushe, na yi ta atishawa da tari ina dariya ni kaɗai, ina cewa da tsohuwa tana nan da yau na sha faɗa. Kwanon yayyafin nata ma na same shi a ƙarƙashin gado, wata uwar ɓera ta yi ɗakin haihuwa a ciki. Na zubar, na kife shi a kan taga.

Yanzu ɗakin ƙal yake. Ƙafar gadon ɗaya ta saki, zan fitar da ita shago in gyara. In har yanzu masaukin kuke so, ba zan riƙe ku ba, amma ki zo ki gani da idonki tukuna.

Dogo ya ce ruwa ya cinye gada, ta zagaye zai bi, shi ma bai san yaushe zai kai wajenku ba.

Kakanki, kafinta

*

Kaka, tsohon angona,

Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da gwiwa da mage. Mun fito daga daji lafiya, sai cizon sauro. Malam yana gaishe ka, ya ce ya karɓi kasonsa, kuma in faɗa maka shi bai ƙwace ni ba, aro ya yi. Tun da na dawo nake leƙa tasha ban ga Dogo ba, an ce gada ta karye. Zan bar wannan wajen mai shayin tasha ya ba shi.

Waccan guntuwar takardar tana ta damuna. Ina tsoron ta fito da kaushi, don haka zauna in yi maka bayani yadda ya kamata.

Ka sha tambayata me nake yi da ɓeraye. Muna jera tarkuna ne, 'yan akwatunan ƙarfe da ɗan man gyaɗa a ciki. Da safe mu bi mu ɗauko, mu ɗebi ɗigon jini, mu kai ɗakin gwaji. Sai mun sa farar riga har ka, da takunkumi da safar hannu. Da ka gan ni a ciki da ka sake ni nan take. Abin da muke nema wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira hantabairas. Ba ruwanta da hantar cikin mutum, sunan wani kogi ne aka ba ta. Wata irinta ƙoda take kamawa, wadda muke samu a nan kuwa huhu take nufa.

Shi ɓeran da ke ɗauke da ita lafiyarsa lau, yana cin abincinsa yana haihuwa. A fitsarinsa take, da kashinsa da yawunsa. In suka bushe, ba sai ya ciji mutum ba. Ana tayar da ƙurar a shaƙa, shi ke nan ta shiga. Shi ya sa ɗakin da ya daɗe a rufe ya fi ba mu tsoro, kuma a cikin kayan gida ba abin da ya kai busasshiyar tsintsiya haɗari.

Zancen dajinku shi ya fi tayar min da hankali, don abin da muke gani ke nan a wurin aiki. Can cikin daji inda ba a taɓa ba, ƙananan dabbobi iri-iri ne suke zaune, ga mujiya da shaho da maciji suna rage su, da wuya mu sami mai cutar. Amma a bakin inda aka sare aka yi gona, sauran duk sun watse, sai iri ɗaya ya rage. Ga masara a bakinsa, ba mai cinsa. Sai su yi ta hayayyafa, suna faɗa suna cizon juna suna raba cutar a tsakaninsu. In ruwa ya matsa musu ko aka girbe gona, gidan da ya fi kusa suke shiga. Masu jan baya da farin ciki da ka kwatanta min, irinsu nake ciro wa daga tarko kullum.

Ba kowane ne ke da ita ba, amma ido ba ya bambancewa. Tana iya yin makonni a jiki shiru. Sai zazzaɓi, ciwon cinyoyi da baya, mutum ya ɗauka gajiya ce. Daga nan numfashi ya fara gagara, kuma in ya fara ba ya jira. Ba ta da allurar da ke kashe ta. Abin da ke ceton mutum shi ne ya riga ta isa asibitin da za a taimaka masa da numfashi.

In na zo ga yadda za mu yi. Mu buɗe ƙofa da tagogi mu fita, iska ta ratsa. Sannan in sa takunkumi da safar hannu, in jiƙa komai sharkaf da ruwan bilic, maganin wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, in bar shi ya tsuma, in goge da tsumma. Ba shara, ba kaɗe katifa. Daga nan sai mu kwaso jakunkunanmu daga masauki. Ina ɗokin kwana a gadon Inna fiye da yadda kake zato, har yanzu ina jin ƙamshin man da take shafawa in na rufe ido.

Ka yi min haƙuri ka jira ni. Ka rataye mabuɗin inda yake.

Amaryarka

*

Kaka,

Dogo ya iso yanzu, na karanta.

Ni zan ji kunyar gidanka? Ni? Za mu yi wannan faɗan daga baya, kuma sai na rama. Yanzu ba lokacinsa.

Doguwar takardata tana tare da wannan, ka fara karanta ta. Sannan ka ji ni da kyau. In ka ji ko ɗumin jiki ne, ko ciwon baya, ko cinyoyi sun yi nauyi, kada ka je kantin magani, kada ka ce gajiya ce. Ka tafi asibiti a ranar. Ka ce wa likita, "Na share rufaffen ɗaki mai kashin ɓeran daji, na shaƙi ƙurar." In ba ka ji abin da yake cewa ba, ka miƙa masa takardata. Kada ka sake shiga ɗakin, kada Uwar Kaji ma ta shiga.

Na roƙi Dogo ya juya gobe ko da rabin lodi ne, kuma in ya same ka ba daidai ba ya sa ka a mota ko kana zaginsa. Na nemi a matso min da hutuna.

Kai kaɗai ka rage min, Kaka. Kada ka yi min taurin kai a wannan.

Jikarka

*

Amaryata,

Takardunki biyu sun zo tare. Na fara da doguwar yadda kika ce. Da na gama na daɗe zaune a bakin shago ina jin kunyar kaina. Ashe tsorona kike ji, ni kuma na zauna na sassaƙa miki laifin da ba ki yi ba, har na goge shi na shafa masa fenti. Ki yafe wa tsoho. Ki ce wa Malam takalminsa ya ci gaba da sheƙi, ba ni da magana.

Zancen lafiya kuwa, kada ki tayar da hankalinki. Tun jiya jikina ya ɗan yi ɗumi, cinyoyi da baya suna ciwo, amma ai duk wanda ya wuni a durƙushe kan ƙafar gado dole ya ji a jikinsa. Na san abin da za ki ce. Zan je, na yi alkawari. Sai dai na riga na shafa gam na ɗaure ƙafar da igiya, in na tafi suka riƙe ni a can, ba mai sassauta ta a kan lokaci, za ta bushe a karkace. Ba zan kwantar da ke a karkataccen gado ba. Jibi in na mayar da ita sai in tafi da ƙafata.

Dogo yana tsaye a kaina kamar mai karɓar rai, wai sai ya tafi da ni. Na ce masa tun yana yawo ba wando na san shi, ya kama hanya. Kada ki yi masa faɗa, ya yi iya ƙoƙarinsa.

Ɗan tari ne kawai ya dame ni, shi ma na ƙura ne.

Angonki

*

Kaka,

Ban san ko za ka karanta wannan ba. Ina rubutawa ne don ni da kai a takarda muka saba magana, kuma in na yi shiru zuciyata za ta fashe. Ga ka nan kwance gabana, da bututu a bakinka, inji yana yi maka numfashi. Ma'aikaciyar jinya ta ce in riƙa yi maka magana, wai marasa lafiya suna ji. Na ce mata wannan ko yana farke ba ya ji. Ta yi dariya, ni kuma na fashe da kuka.

Bari in faɗa maka abin da ya faru, don na san ba za ka tuna ba. Dogo bai sauke lodinsa ba ya zo ya miƙo min takardarka, idonsa ja. Ina kaiwa kan "jibi" na ajiye ta. Malam ya aro motar abokinsa muka kamo hanya ta zagaye. Mun same ka zaune a ƙasan shago ka jingina da benci, kana numfashi kamar wanda ya yi gudu, leɓɓanka sun canza launi. Uwar Kaji tana kanka da kofin ruwa tana salati. Ka ɗago ka gan ni, ka nuna min ƙafar gadon da yatsa. Ko sannu da zuwa ba ka ce ba.

Malam ne ya goya ka zuwa mota, wancan mai takalmin. Likitan farko yana jin zancen ɗakin ya ce mu wuce babban asibiti kada mu tsaya. Sun ce huhunka ya cika da ruwa. Sun ce mun zo a kan gaɓa, sauran kuma sai abin da jikinka ya yi da abin da Allah ya so.

Ba sa barin mu kwana a nan, don haka gida muke komawa. Na wanke ɗakin Inna yadda na faɗa maka, da shagon, da ɗakin girki. Malam ya bi duk ramuka da ragar waya da siminti, ya buge babban yatsansa da gudumarka har farcen ya yi baƙi. Shi ya kwance igiyar ya mayar da ƙafar gadon, ina karanta masa abin da ka rubuta. Ta zauna daidai, ko motsi ba ta yi.

A ɗakin muke kwana, Kaka. Ko ƙofar masaukin ban kalla ba. Gadon bai yi ƙara ko sau ɗaya ba, kuma kai ne ya kamata ka ji wannan daga bakina.

Ka tashi mu yi faɗan da na ce za mu yi. Ba zan yafe maka kana kwance ba.

Amaryarka

*

Amaryata,

Gaisuwa daga tsohon da ya leƙa ya dawo. Ina fata kun isa lafiya, kuma shugabanki bai yi fushin daɗewar da kika yi ba. Ki gaida Malam, wannan karon ki raba gaisuwar biyu daidai ki ba shi rabi. Mutumin da ya goya ni a bayansa ya wuce a ba shi ragowa. Yaya farcen? Ki ce masa na duba ƙafar gadon, aikin ba laifi, in koyarwa ta ishe shi akwai benci a shagona.

Rubutun zai yi miki rawa, hannun bai gama dawowa ba. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai na huta a hanya. Likita ya rubuta min a takarda cewa numfashin zai dawo a hankali, in daina gaggawa. Uwar Kaji ta samu sarauta, ita ke kawo abinci ita ke ƙirga min ƙwayoyin magani, kuma duk layin nan ya riga ya ji cewa na yi kuka a kan ɗankwali. Ban san wa ya faɗa mata ba, amma ina zargin wata mai kama ɓera.

Takardar da kika rubuta a gefen gadona tana aljihuna. Kin ga na karanta ta a asibiti na ninke na mayar. Faɗan da kika yi min daga baya na karɓa duka, ko da yake rabinsa ban gani a bakinki ba, don kina jin haushi kike juya min baya.

Hatsi yana cikin duro mai murfi yadda kika bari. Maƙwabta suna zuwa tambaya, ina nuna musu doguwar takardarki, har mai gadin gonar ya zo ya kwafa don ɗakin ajiyarsu. Akwatin sheƙar mujiyar da kika zana min don su dawo su rage ɓerayen, in ƙarfi ya dawo zan yi shi in kafa a kan dogon itace a bakin gona. Kakarki dai ba za ta so ba, amma ta yi haƙuri. Tagogin ɗakinta a buɗe suke kullum, rana tana shiga har kan gado. Ku zo da wuri, kada ku jira hutu ya yi nisa.

Yau da safe na shiga shago karon farko. Kin san hannu da sabo, kafin in yi tunani ya kai ga ƙusar da tsintsiya take. Babu ita. Na ɗaga kai na hango ta ɗaure can a jikin rufi inda ko da tsani ba zan kai ba yanzu. A kan bencin da ke ƙarƙashin ƙusar kuwa ga kwano mai shuɗin baki, an wanke shi tas, ga kwalbar bilic da tsumma da takunkumi a gefensa.

Kin yi min kara, jikata. Duk tsawon bayanin da kika rubuta, da duk faɗan da kika yi min, ba ki taɓa cewa "ai Inna ta faɗa maka" ba. Kin bar ni in gano da kaina.

Na sa takunkumin. Na cika kwanon da ruwa na zuba bilic ɗin, na bi ƙasa da yayyafi yadda take yi, da bayan yatsu, daga lungu zuwa ƙofa, har ko'ina ya jiƙe. Garin katakon ya zama laka, daidai yadda na yi shekaru ina faɗa mata. Na tsaya a tsakiyar shago da kwanon a hannu, na ce da ƙarfi, "To, tsohuwa, kin ci."

Uwar Kaji ta leƙo ta kan katanga tana tambaya da wa nake magana. Na ga bakinta sarai, na yi kamar ban gani ba.

Angonki har gobe,
Kaka